Kafin ka tada lori daga Gadarif zuwa Bur Sudan, karanta wannan

Shekaranjiya da daddare ɗan ƙanwata ya shigo gida baki har kunne wai an bashi jarrar, wato babbar tirela, ranar asabar zai tashi da lodin riɗi zuwa Bur Sudan, babbar tashar jirgin ruwan Sudan, karon farko kenan da zai riƙe sitiyari a matsayin direba ba musa'id ba, wato yaron mota. Yace kawu bani sirrin hanya. Nace masa zauna tukun, kafin ka iso nan mutum nawa ka gayawa ranar asabar zaka tashi? Ya fara lissafi da yatsu, mai shayin bakin tasha, abokansa biyu, wanda ya gyara masa birki, ga kuma hoton da ya ɗora a WhatsApp shi da motar, lambarta a fili kowa na gani. Nace toh ai an gama sace ka ɗana, saura kawai a zo a ɗauka.

Abin da na gaya masa a daren shi nake so in rubuta a nan saboda 'yan uwanmu direbobi da masu kaya, musamman yaran da suka shigo harkar bayan yaƙin nan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, wanda ya mayar da Bur Sudan ta zama ita ce komai, duk wani buhu da zai fita ko ya shigo ƙasar nan kusan sai ya bi ta can. Na yi shekaru ina jan mota a hanyar gabas kafin gwiwa ta ajiye ni na koma harkar tarhil, wato haɗa masu kaya da motocin dako, kuma abu ɗaya da na tabbatar shi ne yawancin satar da ake yi a hanya ba a hanya ake shirya ta ba. A wurin lodi ake shirya ta. Ɓarawo bai san gaibu ba, wani ne yake gaya masa mota kaza ta ɗauko kaza zata wuce da ƙarfe kaza, da ɗan gari akan ci gari.

Saboda haka abu na farko bakinka. Mutum uku ne kawai ya kamata su san abin da ka ɗauko da lokacin tashinka, kai da mai kaya da wanda zai karɓa a can. Ko yaron motarka ba sai ya san lokacin ba, kace masa ya kwana cikin shiri shikenan. In mai shayi ta tambaya me ka ɗauko ya zol kace dawa ce, ko kace ƙaiƙayi ne na dabbobi, ba wanda zai tare hanya saboda ƙaiƙayi. Riɗi da ƙaro da sukari da magunguna da wayoyi su ne ake bi, don suna da kuɗi kuma nan take ake saida su ba mai tambayar daga ina. Buhun riɗi in ya sauka daga motarka ya shiga wani sito aka juye shi a wani buhu, toh har abada ba mai gane shi, ba lamba gareshi ba balle suna.

Ku kuma masu kaya, dan Allah ku daina bada lodi ga motar da baku sani ba don kawai dillali yace ta fi araha. Wannan ita ce satar da ba bindiga ba ihu, mutum zai zo da mota fes da takardu fes, ya loda buhu ɗari biyar ya yi maka sallama har da addu'a, washegari wayarsa a kashe. Kafin a ɗora buhu na farko ka ɗauki hoton lasisin direba da ragam watani ɗinsa, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da takardun mota, sannan ka tura yaro ya leƙa lambar shasi da idonsa ya gwada da wadda ke takarda, saboda lambar gaba da baya minti biyar ake canza ta da sukundireba, ta shasi kuwa sai an sha wahala. Ka kira mai motar da lambar da KAI ka samo daga wani wuri, ba wadda direban ya baka ba, don in ɓarawo ne abokinsa zai ɗauka yace eh Alhaji motata ce. Kuma ka tambayi ofishin tarhil ɗin da yake lodi a ciki ko sun san shi, waye ya tsaya masa. Direban kirki baya jin haushin wannan, ni dai ban taɓa ji ba, wanda ya fara kumfar baki yana cewa baka yarda da ni bane shi ne ma zaka ƙara bincika.

Wajen lodi kuma direba kar ka tafi shan jabana, wato gahawa, ka bar 'yan dako da motarka. Ka tsaya a ƙirga buhu a gabanka, layi layi, ka rubuta a littafinka, abin da aka rubuta a manifesto ya zama daidai da abin da idonka ya gani, in akwai bambancin buhu ko ɗaya ne kar ka sa hannu. Ka hau sikeli mota ba kaya, ka sake hawa da kaya, ka riƙe takardar. Na sha ganin direban da aka ɗorawa satar buhu goma alhali tun a sito ba a loda su ba, amma ya riga ya sa hannu, wa zai saurare shi. In kwantena ce ka duba sil ɗin da hannunka ka ja shi ka gani ko ya kama, ka ɗauki hoton lambarsa ka turawa mai kaya kafin ka motsa.

Ɗaurin tamfol kuwa ilimi ne mai zaman kansa, yaran yanzu basa so su koya. Tamfol biyu ake sawa in kaya masu tsada ne, a rufe baya sosai ya naɗo ƙasa, sannan raga a sama in kana da ita. Kar ka ɗaure duk motar da igiya guda ɗaya doguwa, wuƙa ɗaya ta warware komai, ka yi ta gunduwa gunduwa kowace da ƙullinta, kuma ƙullin ya zama irin naka wanda in an taɓa zaka gane. Ni a da nakan shafa alli ko ɗan fenti a kan ƙullin baya, duk inda na tsaya sai na zaga da tocila na duba. Layin buhunan ƙarshe na baya in da hali a sa masu arha ko masu nauyin da mutum ɗaya bazai iya turowa ba.

Dalilin da yasa nake nanata maganar baya shi ne Akaba. Wanda bai san hanyar ba, daga Gadarif zaka bi Shuwak da Khashmul Girba ka shiga Kasala, daga nan ka miƙe arewa ta Aroma da Durdeb har Haya inda hanyar Atbara take haɗuwa da taku, sai Sinkat, sai ka gangara duwatsun Akaba ka faɗa Sawakin, daga Sawakin kamar kilomita 60 ne zuwa Bur Sudan, duka duka tafiyar ta kusa kilomita 800. A tafiya gangara kake yi, damuwarka birki ne kawai, ka sa giyar ƙasa mai riƙe mota tun daga sama kar ka dogara da ƙafa. A dawowa ne ake yin ta, ka ɗauko sukari ko fulawa ko takin zamani mota ta yi nauyi tana hawa tana nishi, gudunta bai wuce na mai tafiya da sauri a ƙasa ba.

A nan aka taɓa yi min. Na taso daga Bur Sudan bayan la'asar saboda takardu sun ɓata min lokaci a tashar jirgi, maimakon in kwana a Sawakin sai nace bari in haye in kwana a Sinkat, ƙuruciya. Duhu ya same ni a tsakiyar hawa, yarona yana barci ya jingina kai da gilashi, ni kuma ina ta fama da giya. Ban ji komai ba wallahi, ko ƙaras. Sai da muka tsaya a Sinkat na zaga baya naga tamfol a tsage kamar an ja zif, daga sama har ƙasa, buhun sukari goma sha ɗaya babu. Mutum ɗaya ne yake kama bayan motar ya hau a kwana inda madubi baya nuna maka komai, ya yanka ya dinga turo buhu ƙasa, 'yan uwansa na bi suna kwashewa. Wata uku ana cire min a albashi. Tun daga ranar ban ƙara hawa Akaba da dare ba, kuma in zan hau yarona baya zama a gaba, yana saman kaya ko kuma motar abokina tana bina a baya kusa kusa da fitila a kunne, in mun kai sama mu yi musanya a tafiya ta gaba.

Wannan ya kawo mu maganar ayari. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa suka biyo hanyar hajji har wasu suka zauna a Mai Wurno da nan Gadarif da Kasala, ba wanda ya taho shi kaɗai, ayari ake yi da madugu. Mutanen Darfur ma sun daɗe suna tafiya a tof, motoci da yawa a jere. Mu a gabas da yake kwalta ce sai muka saba kowa ya kama gabansa, toh yanzu zamani ya canza. Mota uku zuwa biyar ta isa, in sun yi yawa kuma tafiya bata sauri. A sa wanda ya fi sanin hanya a gaba, mai lafiyayyar mota a baya, mai rauni a tsakiya, kuma a yi alkawari tun a tasha cewa in ɗaya ya tsaya kowa ya tsaya. Amma fa ka zaɓi abokan tafiya, ba duk wanda yace mu tafi tare bane ɗan uwa, wanda baka sani ba kuma ba wanda ya san shi a cikinku ku bashi haƙuri.

Tashi da asuba, ka yi sallah ka kama hanya, kafin magariba ka kasance ka isa inda zaka kwana. Tsakanin Aroma da Haya akwai wuraren da zaka yi tafiya mai tsawo baka ga kowa ba kuma sabis yana ɗaukewa, ba wurin da zaka so taya ta fashe maka da ƙarfe ɗayan dare bane. Wurin kwana ka zaɓi inda manyan motoci suke taruwa da haske da mutane, in akwai 'yan sanda kusa ya fi. Ka juya bayan motar ya manne da bango ko da bayan motar abokinka yadda ba mai iya buɗe ƙofar kwantena, gaban kuma ya kalli hanyar fita. Kai da yaro ba a barci lokaci ɗaya, ba a tafiya cin abinci lokaci ɗaya. Ƙananan ɓarayin tasha ba ruwansu da lodi ma, jaz wato man dizal suke zuƙa da tiyo, su kwance batir, su ɗauke safaya da jak, don haka murfin tanki da akwatin batir a sa musu kwaɗo, kuma ka yi fakin ta yadda tankin yana gefen da kake kwance. Da tsadar jaz ta yanzu tanki ɗaya in aka zuƙe maka ribar tafiyar ta tafi.

Sai dabarun tsayar da mota, su ma ka san su. Ƙaramar mota zata zo daidai kai ana nuna maka taya ana ihu wai wani abu ya faɗi ko hayaƙi na fita, kar ka taka birki nan take, duba madubi, duba allon mota, saurari injin, in baka ji komai ba ka ci gaba har inda mutane suke sannan ka duba. Ko ka tarar da duwatsu ko ƙaya a jere a kwalta a inda ba gari, in ka hango daga nesa kuma akwai damar tsayawa nesa ka jira wasu motocin su taru, ya fi ka isa kai kaɗai ka sauka kana ɗauke dutse. Fasinjan hanya kuma nasan da wuya, mun taso an koya mana taimako, ga mutane sun sha wahala a yaƙin nan kowa na neman yadda zai isa wani wuri, amma in kana ɗauke da amanar mutane ta miliyoyi kar ka ɗauki wanda baka sani ba a daji. In tausayi ya kama ka miƙa masa ruwa ta taga ka sanar a shinge na gaba. Haka abinci ko shayi daga hannun baƙon da ya cika son zama abokinka a tasha, kace kana azumi ko cikinka ba daɗi.

Shingaye yanzu sun yi yawa, irtikaz a shiga gari irtikaz a fita. Ka rage gudu tun daga nesa, in dare ne kashe babbar fitila ka kunna ta cikin mota, hannu biyu a kan sitiyari. Takardu duka a jaka ɗaya a kusa, na mota da na kaya da naka da na yaronka, kar ka ɗauki yaron da bashi da shaida ko ɗan uwanka ne, mu dai mun san sau nawa ake tambayarmu kai ɗan ina ne ko da an haifi kakanka a nan. Wayarka ana iya dubawa, don haka kar ka ɗauki hoton gada ko sojoji ko wurin ajiyar mai, kuma ka fita daga guruf ɗin da ake turo bidiyon yaƙi. Duk kuɗin da ka biya na hukuma ka nemi rasit na gwamnati, in an baka ka adana don mai kaya ya gani. In kuma wanda ke gabanka yana riƙe da bindiga bashi da niyyar bada rasit, ba nan ne wurin jayayya ba, ka rubuta wuri da lokaci da adadi a littafinka bayan ka wuce.

Masu zuwa yamma da Gadarif ta Faw zuwa Madani, gaskiya ne hanyar ta buɗe tun da soja suka karɓe Madani a Janairun 2025 bayan ta shekara a hannun dakarun Da'am Sari wato RSF, Khartum ma ta biyo baya a Maris, amma kar ka sauka daga kwalta a wuraren da aka yi faɗa ko don kama ruwa, akwai abubuwan da basu fashe ba a ƙasa, kuma kar yaronka ya tsinci wani ƙarfe yace zai saida. Hanyar Kosti zuwa Ubayyid da abin da ya yi gaba kuwa labarinta na canzawa ne kullum, labarin jiya baya amfani, ka tambayi direban da ya fito yau da safe. Ta Gallabat wajen iyakar Habasha kuma mutanen Gadarif ba sai an gaya musu labarin shifta ba, 'yan fashin bakin iyaka, balle da damina in laka ta riƙe mota.

In kuma duk ka yi wannan aka tare ka da makami, ka saurare ni da kyau ɗana, ka bada. Kashe mota, hannu a sama, kar ka kalli fuskar mutum kamar kana son gane shi, in ma ka gane shi kar ka nuna, wannan shi ne yake sa a kashe mutum. Kar ka yi motsi da sauri, in zaka ɗauko makulli ko waya ka faɗa kafin ka miƙa hannu. Ka gayawa yaronka wannan tun a gida saboda yara ne suke firgita su ruga a harbe su. Ban yarda direba ya ajiye bindiga a mota ba, a shinge zata jawo maka bala'in da ya fi fashi, a gaban 'yan fashi kuma su biyar ne kai ɗaya. Ka ware ɗan kuɗi a aljihun gaba wanda zaka miƙa, don wanda bai samu komai ba haushi yake ji, sauran kuma a raba wuri biyu uku. Ƙaramar waya mai madanni da layi daban a ɓoye ta a wani lungu na motar ko a jikin yaro, Zain a ɗaya Sudani a ɗaya, mun ga yadda sabis ya ɗauke gaba ɗaya a Fabrairun 2024. Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya rage mana yawo da kuɗi a jaka amma shi ma ana tilasta mutum ya buɗe ya tura, saboda haka asusun da ke wayar hanya kar ya wuce kuɗin hanya. Kuma in zaka karɓi kuɗin mota ta Bankak kar ka yarda da hoton ish'ar, wato shaidar tura kuɗi, da aka nuna maka, ana ƙirƙirarsa, buɗe naka asusun ka ga kuɗin sun shiga kafin a kwance igiya.

Bayan sun tafi ka kira mai kaya, ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa da inda abin ya faru ka buɗe balag wato ka shigar da ƙara a ranar, ka karɓi lambarsa, ka ɗauki hoton tamfol da sil da sawun taya kafin kowa ya taɓa. Wannan takardar ita ce zata wanke ka, in babu ita kai ne ɓarawon farko a idon kowa.

Masu mota da masu kaya ku ma akwai naku. Tiraka ta GPS ba tsada gareta ba in ka gwada da kuɗin lodi ɗaya, a sa biyu, ɗaya inda ɓarawo zai gani ya cire ya ji daɗi ɗaya a can cikin bodi, kuma a sa wa kan motar daban tirelar daban don ana iya cire kai a ja baya da wani kan. Ku yi yarjejeniya da direba zai kira daga Kasala, daga Haya, daga Sawakin, in lokaci ya wuce da awa biyu ba kira a fara nema, a kuma sa wata kalma tsakaninku wadda in ya faɗe ta a waya an san ba shi kaɗai bane. Inshorar kaya ku karanta takardar da kyau ko ku ba wanda ya iya, yawancinsu basa biyan asarar da yaƙi ya jawo sai an sayi wannan daban. Sannan ku ba direba guzurin da ya wuce kwanakin tafiya, waɗanda suka makale lokacin da aka rufe hanyar gabas a 2021 sama da wata guda sun san abin da nake nufi, direban da yunwa ta kama a kan kayan wani jarrabawa ce babba. Abin da ya fi ci min rai shi ne Alhajin da zai kira direba da ƙarfe tara na dare yace jirgi zai tashi dole ka kwana a Bur Sudan yau, shi yana kan katifa. In lodi ya makara laifin sito ne da takardu, kar a biya shi da ran ɗan mutane.

Ɗan ƙanwar tawa dai ya goge hoton a gabana, na kira mai kayan muka mayar da tashin wata rana daban wadda bazan faɗa a nan ba, na haɗa shi da wasu tsofaffin abokaina biyu da zasu bi hanyar. Da zai fita na miƙa masa guntun alli da tsohuwar tocilata, ya kalle ni yana dariya yace kawu ai wayata tana da fitila, nace karɓi dai, wayar ita ake fara ƙwacewa.